Carl Barks (1901-2000): Mai Zanen Agwagi da Aka Daɗe Ba a San Sunansa Ba

Gabatarwa

Sanya dabbobi su yi magana su kuma nuna halayen 'yan Adam daɗaɗɗiyar dabara ce, wadda duk wanda ya tashi da jin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ya sani. A ƙarni na ashirin Amurkawa sun mayar da wannan dabara cikin majigin zane da littattafan labarai masu zane. Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwar ɗaya daga cikin gwanayen fannin, wato Carl Barks, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana faranta wa miliyoyin yara rai alhali ba su san ko sunansa ba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Barks ranar 27 ga Maris, 1901, a wata gona kusa da garin Merrill cikin jihar Oregon. Iyayensa manoma ne marasa ƙarfi. Yana yaro ya sami raunin ji, kuma bai yi nisa a karatu ba, domin a 1916 ya bar makaranta. Daga nan ya shiga faɗi-tashin neman abinci: ya yi noma, ya sare itatuwa, ya kora alfadarai, ya kuma yi shekaru yana aikin gyaran taragun jirgin ƙasa a Kalifoniya. Duk da wannan wahala bai saki alƙalaminsa ba, har wata mujallar barkwanci mai suna Calgary Eye-Opener ta fara sayen zane-zanensa, daga baya ta ɗauke shi aiki.

Zamansa a kamfanin Disney

A 1935 ya sami shiga kamfanin Walt Disney bisa albashin dala 20 a mako. Aikinsa na farko shi ne zana hotunan da ke cike giɓi tsakanin zanen manyan masu zane, domin motsi ya tafi sumul a majigi. Ba a jima ba aka lura da basirarsa wajen ƙaga abin dariya, sai aka mayar da shi sashen tsara labari. Shi ne ya kawo dabarar kujerar aski mai sarrafa kanta, wadda ta kifar da Donald Duck ta yi wa jelarsa aski, a gajeren fim ɗin Modern Inventions na 1937. Ya kuma sa hannu a Donald's Nephews na 1938, inda 'ya'yan 'yar'uwar Donald su uku suka fara fitowa a majigi.

A 1942 ya ajiye aiki, saboda sanyin na'urar ɗakin aikin yana tayar masa da ciwon hanci, ga kuma kamfanin ya karkata ga finafinan yaƙi. Ya koma ƙauye da niyyar kiwon kaji. Kafin tafiyarsa, shi da Jack Hannah sun zana littafin Donald Duck Finds Pirate Gold, wanda ya buɗe masa ƙofar kamfanin Western Publishing. Daga 1943 ya soma zana labarai masu shafi goma-goma a mujallar Walt Disney's Comics and Stories.

Gudummawarsa

Donald na majigi agwagwa ne mai saurin fushi, kuma wannan ya isa a cika minti bakwai da dariya. Amma littafi yana bukatar fiye da haka. Barks ya mayar da shi talaka mai neman na kai, wanda kullum yake canja sana'a, yau ya yi nasara gobe girman kai ya kayar da shi. Mai karatu zai ga cewa wahalhalun da Barks ya sha a ƙuruciya su ne jarin da ya gina wannan hali da shi.

A 1947 ya ƙirƙiro Scrooge McDuck, kawun Donald, attajiri marowaci mai ninƙaya cikin rumbun kuɗinsa. Da farko mugun tsoho ne, amma sannu a hankali Barks ya ba shi tarihi, ya nuna cewa da guminsa ya tara dukiyar, har mai karatu yakan rasa ko ya tsane shi ko ya tausaya masa. Bayansa Gladstone Gander mai sa'a ya zo a 1948, ɓarayin nan Beagle Boys a 1951, sai Gyro Gearloose mai ƙere-ƙere a 1952. Barks bai cika tafiye-tafiye ba, amma da taimakon hotunan mujallar National Geographic ya kai agwaginsa ƙasashe masu nisa, kamar a labarin Lost in the Andes na 1949, inda suka tafi neman kajin da ke yin ƙwai mai kusurwa huɗu.

Fitowar sunansa

A wancan lokaci ƙa'idar kamfani ita ce sunan Walt Disney kaɗai ke bayyana a kan littattafan. Duk da haka yara masu karatu sun gane cewa a cikin masu zanen akwai wani da hannunsa ya fita daban, suka riƙa kiransa gwanin zanen agwagi. Sai wajen 1960 wasu masoyan aikinsa suka binciko sunansa suka yaɗa shi. Ya yi ritaya a 1966 bayan ya zana labarai kimanin 500. A 1987 aka fara nuna shirin DuckTales wanda aka gina kan labaransa, a 1991 kuma kamfanin Disney ya karrama shi. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 2000, a Grants Pass, yana da shekara 99.

Kammalawa

Barks ya yi aiki a kan ƙaramin lada, cikin littattafan da manya ke ɗauka abin wasan yara ne, kuma ba ya tsammanin kowa zai san shi. Wannan bai sa ya yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba, domin yakan sake zana shafi idan bai gamsu da shi ba. Ingancin nan ne ya sa masu karatu suka bambance hannunsa tun kafin su ji sunansa, kuma shi ya sa ake ci gaba da buga labaransa cikin harsuna da dama bayan rasuwarsa.