Tarihin Madge Syers, Gwanar Zamiya a Kan Ƙanƙara

A wannan makon mun kawo muku tarihin Madge Syers, wadda aka haifa a Landan a 1881. Ta shahara a wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa. A 1902 ta shiga gasar duniya, ita kaɗai mace cikin maza, ta zo ta biyu. Sai hukumar wasan ta hana 'yan wasa mata shiga. A 1906 aka buɗe musu tasu gasar, Madge ta lashe. Ta ci zinariya a Olamfik na 1908, ta rasu a 1917. Mu ma filin wasanmu na kowa ne. Mu riƙa ba juna wuri, ban da ture-ture.