Jimi Hendrix: makaɗin gitar da rayuwarsa ta ƙare a bisa hanya

Ranar 18 ga watan Satumba na 1970 ne Jimi Hendrix ya rasu a birnin Landan, yana da shekara 27 kacal. Har gobe, in aka tashi lissafin gwanayen gita a kiɗan rok, da sunansa ake farawa. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne irin zaman da ya yi. Daga fitowarsa aikin soja a 1962 har mutuwarsa, wajen shekara takwas ke nan, tsakanin mota, jirgin sama, ɗakin otel da dandamali ya yi su. A kan hanya ya koyi sana'a, kuma hanyar ce ta ƙarar masa da ƙarfi.

Yaron Seattle

An haife shi ranar 27 ga watan Nuwamba na 1942 a Seattle, can arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa Al Hendrix yana aikin soja a lokacin, bai sa ɗansa a ido ba sai bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Gidan babu wadata, babu kwanciyar hankali. Iyayen suka rabu a 1951, uwar mai suna Lucille ta rasu a farkon 1958, yaron yana da shekara 15. Tun yana ƙarami ya saba da kwana yau nan gobe can, wurin dangi da maƙwabta.

Kafin ya samu gita, tsintsiya mai dogon hannu yake runguma yana kwaikwayon kiɗa. A 1958 aka saya masa tsohuwar gita da dalar Amurka biyar. Bahago ne, don haka sai ya juya gitar ƴan dama, ya sake jera mata tsirkiya. Da kunne ya koya, yana sauraren fayafayan bulus na su Muddy Waters da B.B. King. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba.

A 1961 ƴan sanda suka kama shi har sau biyu cikin motar sata. Aka ce ya zaɓa, ko kaso ko soja. Ya zaɓi soja, aka tura shi rundunar sojojin laima ta 101 a Fort Campbell, jihar Kentucky. Sojan bai karɓe shi ba, bayan shekara ɗaya aka sallame shi. Ribar da ya fito da ita ita ce abota da wani soja mai kaɗa gitar bas, Billy Cox.

Makarantar hanya

A wancan zamani, baƙar fata na kudancin Amurka suna da nasu gidajen rawa da na wasa, saboda wariyar launin fata ta hana su shiga na Turawa. Mawaƙa kan bi waɗannan wurare gari bayan gari, ana kiran zagayen da sunan wani abincin talakawa na kayan cikin alade, wato Chitlin' Circuit. Nan Hendrix ya faɗa, daga Nashville ya fara.

Aikin ɗan amshi ne. A ɗauke ka yau, a ba ka riga iri ɗaya da ta sauran, ka tsaya a baya, ka kaɗa abin da mai gida ya ce. In an tashi wasa cikin dare a loda kaya, a shiga doguwar mota, a kama hanyar gari na gaba. Kafin dokar ƴancin jama'a ta 1964, otel da gidajen abinci da yawa a kudu ba su karɓar baƙar fata, don haka cikin mota ake barci, ko gidan wanda ya ji tausayi. Kuɗin kuwa ba su da yawa, wani lokaci ma ba su fitowa. Sau da dama Hendrix yana kai gitarsa jingina don ya ci abinci, in ya samu aiki ya je ya fanso ta.

Tafiya mabuɗin ilimi. Jama'ar waɗannan gidajen rawa ba su da sanya: in ba ka burge su ba, a take za ka sani. A nan ya ƙware da kaɗa gita da haƙora, da ɗaga ta bayan ƙeya, dabarun da tsofaffin makaɗa irin su T-Bone Walker suka riga shi yi da wasu daga cikinsu. Ya yi aiki da ƙungiyar Isley Brothers a 1964, sannan ya koma wurin Little Richard. To amma Little Richard ba ya son wani ya fi shi haske a dandamali. Rigima ba ta ƙarewa a kan tufafi, a kan latti, a kan wasan da yaron yake yi da gita. A watan Yuli na 1965 aka kore shi.

Cikin wannan talauci ne, a watan Oktoba na 1965, ya sa hannu a wata takardar kwantara ta shekara uku da wani mai buga fayafayai a New York, Ed Chalpin. Abin da aka ba shi a hannu dala ɗaya ce ta Amurka, da alkawarin kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. Ku riƙe wannan takarda, za ta dawo.

Landan, da ƙungiya tasa ta kansa

A 1966 yana wasa a wani ƙaramin gidan shaƙatawa na New York mai suna Cafe Wha?, sai Chas Chandler ya gan shi. Chandler shi ne mai gitar bas na ƙungiyar Animals ta Ingila, ya gaji da yawon kiɗa, yana neman wanda zai yi wa manaja. Ranar 24 ga Satumba na 1966 suka sauka Landan. Cikin ƴan makonni aka samo Turawan Ingila biyu, Noel Redding a gitar bas da Mitch Mitchell a ganguna, aka kafa The Jimi Hendrix Experience.

Wasansu na farko a Faransa aka yi shi, a garin Évreux, ranar 13 ga Oktoba na 1966, suna buɗe wa Johnny Hallyday fili. Daga nan sai zagayen ƙananan gidajen rawa na Ingila. Wani makanike abokin Redding, Gerry Stickells, shi ke jan motar kaya, shi ke ɗauka da sauke manyan akwatunan ƙara sauti na kamfanin Marshall, shi ke gyaran abin da ya fashe. Abin fashewa kuwa ba ya ƙarewa, don Hendrix yana ƙure sauti ne har ƙarshe.

Waƙarsu ta farko, Hey Joe, ta fito a Disamba na 1966, ta kai matsayi na shida a Ingila. Ranar 31 ga Maris na 1967, a wani zauren wasa na Landan, ya cinna wa gitarsa wuta a gaban jama'a don jaridu su yi magana. Sun yi kuwa, shi kuma ya ƙare a asibiti da ƙuna a hannu. Ya sake ƙona wata ranar 18 ga Yuni a bikin kiɗa na Monterey, jihar Kalifoniya, inda Paul McCartney ya ba da shawarar a gayyace shi. Daga wannan dare ƙasarsa ta haihuwa ta san da shi.

Lokacin da suna ya zama kaya

Da suna ya fito, sai tafiya ta ninka. Michael Jeffery, abokin aikin Chandler, shi ke riƙe da harkar kuɗi, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: duk daren da ba a yi wasa ba asara ce. A Yuli na 1967 ya cusa ƙungiyar cikin rangadin Monkees, mawaƙan telebijin da ƴan mata ƙanana ke so. Yaran suka yi ta ihun sunan gwanayensu suna danne kiɗan Hendrix. Ba a kai wasa goma ba ya fice.

Shekarar 1968 kusan dukanta a kan hanya aka yi ta. Da asuba filin jirgi, da rana ƴan jarida, da dare wasa, wani lokaci har biyu, sannan biki har gari ya waye. Barci sai da ƙwaya, tashi sai da ƙwaya, ga giya wadda ba ta yi masa kyau ko kaɗan. A farkon Janairu ƴan sandan Gothenburg a ƙasar Suwidin suka kama shi bayan ya farfasa ɗakinsa na otel. A Fabrairu ya koma Seattle ya yi wasa, ya ga mahaifinsa bayan kusan shekara bakwai, ya sake hawa jirgi.

Wani abin da ya dame shi kuma shi ne jama'a abin da suka gani jiya shi suke son gani yau: tsofaffin waƙoƙi, kiɗa da haƙora, fasa gita. Shi kuwa hankalinsa ya koma ɗakin ɗaukar sauti, inda yake kwana yana maimaita waƙa ɗaya sau da dama. Wannan ya ƙular da Chandler har ya ajiye aiki ana cikin haɗa faifan Electric Ladyland, wanda ya fito a Oktoba na 1968 ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Wurin da ya ɗan ji daɗin zaman gida shi ne wani ɗaki a lamba 23 titin Brook Street a Landan, tare da budurwarsa Kathy Etchingham, shi ma ƴan watanni ne. Yau gidan ya zama wurin tarihi.

Ranar 3 ga Mayu na 1969 jami'an kwastan a filin jirgin Toronto, ƙasar Kanada, suka samu hiroyin da tabar wiwi cikin jakarsa. Wata bakwai ya yi da fargabar ɗauri mai tsawo. A kotu ya bayyana cewa masoya kan ba shi kyaututtuka ya jefa a jaka ba tare da ya duba ba, kuma a Disamba aka wanke shi. Kafin nan ƙungiyar ta riga ta watse. Wasansu na ƙarshe a Denver ne, ranar 29 ga Yuni: ƴan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, aka tura makaɗan cikin bayan wata motar kaya, jama'a suka haye rufin har ya lotsa. Redding ya ce ya gama, ya koma Ingila.

Hendrix ya ɗan huta a ƙasar Maroko, sannan ya hau dandamalin Woodstock da safiyar Litinin 18 ga Agusta na 1969. Taron da ya kai mutum wajen 400,000 ya riga ya watse, saura ƴan dubbai cikin laka. A gabansu ya kaɗa taken Amurka, gitar tana fitar da ƙarar bama-bamai da jiniya, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam.

Bashi da rangadin ƙarshe

Takardar dala ɗaya ta dawo. Chalpin ya kai ƙara, aka sasanta a kan Hendrix zai ba da faifai guda. Don biyan wannan bashi ne ya yi wasan jajibirin sabuwar shekara ta 1970 a New York tare da Billy Cox da mai ganguna Buddy Miles, aka buga shi da sunan Band of Gypsys. Ƙarshen Janairu a Madison Square Garden waƙa biyu kawai ya iya yi, ya sauka.

Ga kuma wani nauyin. Shi da Jeffery sun sa hannu a ginin ɗakin ɗaukar sauti nasu, Electric Lady, a New York, aikin da ya ci kusan dalar Amurka miliyan ɗaya. Yana son wurin ne don ya zauna ya yi aiki cikin natsuwa, amma kuɗin ginin sai an fita yawon kiɗa ake samunsu. Daga Afrilu zuwa farkon Agusta na 1970 ya zagaya Amurka tare da Cox da Mitchell. An yi bikin buɗe wurin ranar 26 ga Agusta, washegari ya hau jirgin Landan. Bai sake taka Amurka da rai ba.

Rangadin Turai ya zo da wahala. A tsibirin Wight na Ingila sai bayan tsakar dare ya hau dandamali, kayan sautinsa suna kamo maganar rediyon masu gadi. Daga can Stockholm, Gothenburg, sai Aarhus a ƙasar Danmak ranar 2 ga Satumba, inda ya bar wasa bayan ƴan waƙoƙi don jiki ya ƙi. Aka ci gaba duk da haka, Copenhagen, Berlin, kullum sabon gari. A tsibirin Fehmarn na Jamus ruwa da iska suka sa aka ɗage wasansa zuwa washegari, 6 ga Satumba, jama'a suka tarbe shi da ihun haushi. Shi ne babban wasansa na ƙarshe. Billy Cox ya kamu da rashin lafiya mai taɓa hankali, aka mai da shi gida, aka soke sauran rangadin.

Ranar 16 ga Satumba Hendrix ya ɗan taɓa gita tare da Eric Burdon a gidan kiɗa na Ronnie Scott a Landan. Bayan kwana biyu, a masaukin wata ƙawarsa Bajamusa, Monika Dannemann, a unguwar Notting Hill, ya sha ƙwayoyin barci guda tara masu ƙarfi, ninki 18 na abin da likita ke rubutawa. Amai ya shaƙe shi cikin barci. Mai binciken gawa bai samu hujjar cewa da gangan ya yi ba. An binne shi ranar 1 ga Oktoba a Renton, kusa da Seattle.

Abin da ya bari

Bai bar wasiyya ba, ya bar rikicin kuɗi da na haƙƙin mallaka. Sai a 1995, bayan doguwar shari'a, mahaifinsa ya karɓo ikon waƙoƙin ɗansa.

Kiɗan nasa kuwa ya iso har nan gida. Bombino na Agadez ya koyi wasu dabarunsa ne ta kallon bidiyon Hendrix lokacin da yake gudun hijira. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, shi ma bahago ne, jaridun waje sun sha kwatanta shi da Hendrix. Wahalar hanya ma ba ta bar makaɗan yau ba: juyin mulkin Yuli na 2023 ya samu Mdou Moctar da ƙungiyarsa suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale can na wani lokaci kafin su samu komowa gida.