Louis Pasteur: Ɗan Majemin Da Sunansa Ke Jikin Kwalbar Madara

Waɗansu daga cikin tsofaffin ɗalibanmu suna zaune da iyalansu a Ingila, Amurka da sauran ƙasashen waje. In sun shiga kanti sayen madara, sukan ga wata kalma a jikin kwalba mai nuna cewa an ɗumama madarar, an kashe ƙwayoyin cuta kafin a kawo ta kasuwa. An samo kalmar ne daga sunan wani Bafaranshe, Louis Pasteur. A Faransanci sunan yana nufin fasto ko makiyayi, amma shi malamin kimiyya ne.

An haife shi ran 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole na ƙasar Faransa. Mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon. A garin Arbois ya tashi, kuma a ƙananan azuzuwa ba a san shi da wani hazaƙa ba, sai dai iya zane. Da naci ya sami shiga babbar makarantar horar da malamai ta birnin Paris a 1843, inda ya karanta kimiyya. Ya auri Marie Laurent a 1849, suka haifi 'ya'ya biyar. Uku sun mutu suna ƙanana, biyu daga cikinsu zazzaɓin taifot ne ya kashe su.

A 1854 aka naɗa shi shugaban sashen kimiyya a jami'ar Lille. Bayan shekara biyu wani mai masana'antar barasa ya kawo masa kuka, cewa kayansa suna tsami suna lalacewa ba a san dalili ba. Pasteur ya ɗebi ruwan ya duba a madubin ƙara girman abu. A cikin mai kyau ya ga yisti, a cikin wanda ya lalace kuwa ya ga waɗansu 'yan halittu dogaye sun cika shi. A 1857 ya rubuta bayani a kan tsamin madara, ya nuna cewa irin waɗannan halittu ne ke mai da ita nono.

A zamanin nan masana da yawa sun ɗauka ƙwayoyin nan daga cikin abincin suke fitowa da kansu. Pasteur ya tafasa romo a cikin kwalba mai dogon wuya a lanƙwashe, yadda iska za ta shiga amma ƙura ta maƙale a hanya. Romon ya zauna bai lalace ba. Da ya karya wuyan kwalbar, cikin 'yan kwanaki ya ruɓe. Ta haka ya tabbatar cewa daga waje ƙwayoyin ke shigowa.

Da sarki Napoleon na Uku ya nemi ya binciki abin da ke ɓata ruwan inabin Faransa, sai ya gano cewa ba sai an tafasa shi ba. In an ɗumama shi tsakanin digiri 50 zuwa 60 na ɗan lokaci, ƙwayoyin za su mutu, ɗanɗanon kuma bai canza ba. Ya yi rajistar wannan dabara a 1865.

Ba shi ne ya fara aiki da ita a kan madarar sha ba. Wani Bajamushe, Franz von Soxhlet, shi ne ya ba da shawara a 1886 a riƙa ɗumama madarar jarirai. A lokacin, ɗanyar madara tana yaɗa tarin fuka na shanu, da taifot, da gudawa mai kashe yara a manyan birane. A 1908 birnin Shikago na Amurka ya kafa dokar ɗumama madara, sauran birane suka bi. Yau ana ɗumama ta a digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sa'an nan a sanyaya ta nan da nan.

A 1868 Pasteur ya kamu da shanyewar ɓarin jiki na hagu, amma bai bar aiki ba. Ran 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya ciza. Aka yi masa allurar da Pasteur ya haɗa, yaron ya rayu. An buɗe Cibiyar Pasteur a Paris a 1888. Ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895, kabarinsa kuma yana cikin cibiyar.

Har yanzu akwai masu neman ɗanyar madara a ƙasashen Turawa, suna cewa ta fi daɗi da gina jiki. Gaskiyar magana ita ce, ɗumamawa ba ta rage amfanin madara sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saniya tana iya zama lafiyayya a ido, madararta fara tas, alhali da cuta a ciki. Shi ya sa aka hana sayar da ɗanyar madarar shanu a Sikotilan tun 1983, Amurka kuma ta hana kai ta daga wata jiha zuwa wata a 1987. A 2024 ma an sami ƙwayar murar tsuntsaye a ɗanyar madarar shanu a Amurka, bincike kuma ya nuna ɗumamawa tana kashe ta. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne yara ƙanana, mata masu ciki da tsofaffi.

Iyayenmu mata sun saba dafa madara kafin su yi kindirmo, ko da yake ba su taɓa jin sunan Pasteur ba. Mai iyali a ƙasar waje ya duba rubutun jikin kwalba kafin ya saya, ya kuma ajiye ta a firji. In kuwa daga gona aka kawo madarar, a can ko a nan gida, a ɗora ta a wuta ta tafasa kafin a ba yaro.