John Lennon da waƙar da aka ɗinke daga naɗi biyu

An haifi John Lennon a Liverpool ta Ingila a 1940, ya tashi a hannun yayar mahaifiyarsa, Mimi, kusa da gidan renon yara na Strawberry Field. Daga nan ya samo sunan waƙar da ƙungiyarsu ta Beatles ta naɗa a ƙarshen 1966.

Naɗi biyu suka kwanta masa a rai, sai dai saurinsu da amonsu sun sha bamban. Ya nace a haɗa farkon ɗaya da ƙarshen ɗayan. George Martin da injiniya Geoff Emerick suka ƙara wa na farko gudu, suka rage wa na biyu, suka yanka tef suka liƙa. Mahaɗin yana wajen minti ɗaya da farawa, kuma da wuya kunne ya kama shi.

An harbe Lennon a New York ranar 8 ga Disamba, 1980.