Sarkin Musulmi Bello Da Taurari

Uwargida, in ɗanki ko 'yarki sun ji labarin Neil Armstrong, Ba'amurken nan da ya taka wata a 1969, har suka dame ki da roƙon madubin hangen nesa, kada ki ce aikin Nasara ne. Ki ba su labarin Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu.

An haife shi a 1781, mahaifiyarsa ita ce Hauwa, wadda ake kira Inna Garka. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Yaƙi da mulki ba su raba shi da karatu ba.

A 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya kawo masa kyautar madubin hangen nesa, ya kuma shimfiɗa masa taswirar sama. Sai ga Bello yana kiran burujai goma sha biyu da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake.

In za ki saya, ƙarami mai ido biyu ya isa farawa. Zai nuna musu ramukan wata da Kaza da 'Ya'yanta. Amma ki ja kunnensu, kada su kalli rana da shi, tana makantarwa.