Capablanca, Gwanin Ces Mai Saurin Hannu

Gardama ta yi yawa a ɗakunan kwananmu bisa wasan ces na sauri, irin wanda ake ba kowa minti uku ko biyar a waya. Waɗansu sun ce shi ke wasa ƙwaƙwalwa, waɗansu sun ce ɓata ta yake yi. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin wani mutum da ya shahara da saurin hannu. Wasan nan kuwa ba baƙo ba ne a Barno. Tun dā manyan Kanuri suna da irin nasu, ana ce da shi tsatsarandi, sunan ya fito daga shaɗaranji na Larabawa, har Turawa sun rubuta labarinsa a 1939.

An haifi Jose Raul Capablanca a Habana, babban birnin Kyuba, ran 19 ga Nuwamba, 1888. Ubansa hafsan soja ne. Yana da shekara huɗu ya koyi wasan, ta wurin kallon ubansa yana yi kurum. A 1901, yana ɗan shekara goma sha uku, ya ka da Juan Corzo, gwanin ƙasar Kyuba duka. Daga nan aka aika da shi Amurka karatu, ya shiga Jami'ar Columbia a New York, amma bai gama ba, domin hankalinsa yana wurin ƙungiyar 'yan ces ta Manhattan.

A can ne aka gane irin saurinsa. A zamanin nan akan yi wasa na daƙiƙa goma kowane motsi, shi kuwa ko goman ba ya bukata. A 1906 ya ci gasar sauri wadda Emanuel Lasker, gwanin duniya, yake ciki. A 1909 ya kara da Frank Marshall na Amurka, ya ci takwas, aka ci shi ɗaya, sha huɗu canjaras. A 1921 ya karɓe sarautar duniya daga hannun Lasker a Habana, ya ci huɗu, goma canjaras, ba a ka da shi ko sau ɗaya ba. A 1922 a Cleveland ya yi wasa da mutum 103 gaba ɗaya, yana zagayawa daga wannan allo zuwa wancan, ya ci 102. Tun daga 1916 har 1924 ba wanda ya ka da shi a babbar gasa, sai da Richard Reti ya yi a New York.

To, masu son wasan sauri za su ce ga shaidarsu. Amma ku dakata tukuna. Abin da sukan tsallake shi ne, tun yana yaro ya zauna ya ƙware a ƙarshen wasa, watau lokacin da 'ya'ya suka rage kaɗan bisa allo. A littafinsa na 1921, Chess Fundamentals, da wannan ya fara koyarwa. A ganina saurin nan nasa ya fito daga sanin da ya riga ya zauna masa, kamar yadda gardi yake zuba karatu a guje domin ya daɗe yana wanke allo. Ƙolon da ya kwaikwayi gudun gardi bai riƙe baƙi ba, kowa ya san abin da zai fito daga bakinsa.

Sa'an nan sauƙin nasara ya yi masa illa. A 1927 ya gamu da Alexander Alekhine, mutumin Rasha mazaunin Faransa, a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina. Kafin nan Alekhine bai taɓa ka da shi ba, don haka kusan kowa ya ɗauka an gama magana. Shi kuwa Alekhine ya daɗe yana bin wasannin Capablanca ɗaya bayan ɗaya. Ya lura cewa mutumin yana yarda da abin da idonsa ya fara nuna masa, ba kullum yake sake dubawa ba, kuma a cikin motsin da ya yi kyau ga ido akan sami ɗan gurbi. Capablanca bai yi wani shiri mai yawa ba. Suka yi wasa 34 daga Satumba har ƙarshen Nuwamba. Alekhine ya ci shida, Capablanca uku, 25 canjaras, sarauta ta kuɓuce.

Wannan wurin nake so ɗalibanmu su tsaya a kai. Wasan minti uku yana gwada abin da ka riga ka sani, yana saba wa ido da gane tarko, yana kuma cire tsoron agogo. Ba ya ba ka lokacin tambayar kanka ko akwai motsin da ya fi wanda ka fara gani, alhali a nan ake ƙaruwa. Wanda ya yi wasa ashirin a dare ɗaya bai waiwayi ko ɗaya ba, kurensa na jiya zai maimaita gobe. Mikhail Botvinnik, wanda ya zama gwanin duniya a 1948, ƙin wasan sauri ya yi kusan duk rayuwarsa, ko da yake ni ina ganin ya tsananta. Mu da za mu koyar da yara lissafin ka, haka batun yake: gasar sauri tana da amfani bayan yaro ya fahimci darasi, in an fara da ita sai ya koyi cinke.

Capablanca ya yi ta neman a sake karawa, amma suka kasa daidaitawa da Alekhine bisa kuɗi da sharuɗɗa, har suka daina ga maciji. Duk da haka ƙarfinsa bai tafi ba. A 1936 ya ci gasar Mosko, ya kuma raba na ɗaya da Botvinnik a Nottingham ta Ingila. Daga baya hawan jini ya matsa masa. Ran 7 ga Maris, 1942, yana zaune a ƙungiyar nan ta Manhattan yana kallon abokansa suna wasan nishaɗi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ya mutu da safe ran 8 ga wata, yana da shekara 53, aka kai gawarsa Habana. Alekhine kuwa ya mutu a 1946, sarautar tana hannunsa.