Paul Broca: Likitan da ya gano mazaunin magana a ƙwaƙwalwa, ya kuma bar tabon wariyar launin fata

A watan Afrilun 1861 aka kai wani majinyaci mai suna Louis Victor Leborgne sashen tiyata na asibitin Bicêtre da ke bayan birnin Paris, ƙafarsa ta ruɓe. Ya shekara 21 a asibitin, yana fahimtar abin da ake faɗa masa, amma kusan duk amsarsa gaɓa ɗaya ce: tan. Likitan da ya karɓe shi, Paul Broca, an haife shi a 1824 a garin Sainte-Foy-la-Grande na Faransa.

Leborgne ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Broca ya buɗe ƙoƙon kansa, ya tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Bayan ya tara wasu majinyata, a 1865 ya bayyana cewa furta magana ya dogara ne da ɓangaren hagu. Har yau wurin na ɗauke da sunansa.

Da kunne Broca ya yi aikinsa. Masu binciken da suka biyo baya sun koma auna sauti da na'ura, suka gano cewa masu irin wannan larura, wadda shanyewar ɓarin jiki ke yawan haddasawa, kan kasa daidaita lokacin da tantanin maƙogwaro zai fara kaɗawa, sai d ta kusanci t, g ta kusanci k. A 2007 kuma hoton MRI na ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda Broca ya adana bai yayyanka ba, ya nuna lahanin ya zarce inda ya gani.

Sai dai Broca, wanda ya kafa Ƙungiyar Nazarin Ɗan'adam ta Paris a 1859, ya shafe shekaru yana auna ƙoƙon kawuna da nauyin ƙwaƙwalwa domin ɗora Turawa bisa baƙar fata, maza bisa mata. Ya rasu a 1880, shekarar da ya zama sanata. Bayan shekara biyar Anténor Firmin, ɗan Haiti kuma mamba a ƙungiyar, ya wallafa littafi kan daidaiton jinsunan ɗan'adam, inda ya bi alƙaluman Broca ya nuna rauninsu.

Sunan Broca na cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel. Littafin Firmin kuwa sai a 2000 aka fassara shi zuwa Ingilishi.